Rayuwar Uwar Kututture, Mai Renon Dashe

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya, wadda abokan aiki suka yi wa laƙabi da Uwar Kututture, a shekarar 1946, a wani ƙaramin gari na bakin kogi. Mahaifinta masassaƙi ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma. Ta kammala makarantar koyon aikin gandun daji a 1967, inda aka karantar da ita cewa babban maƙiyin daji shi ne mai gatari, wato mahaifinta ke nan. Haka ta rubuta a jarrabawa, ta ci, ba ta kuma taɓa yarda ba.

Aiki da Aure

An ɗauke ta aiki a lambun renon dashe na hukuma, wata rumfar raga mai yawan ɗigar ruwa. A zamaninta manufar hukuma ta sauya suna sau uku: tsare daji daga mutane, sai dashen miliyoyi, daga bisani kuma ci gaba mai ɗorewa, wai a ci yau a rage wa jikoki. Takardar rahoto ce dai ba ta sauya ba. Ranar dashe ake ƙidaya itace, babu mai komawa bayan rani ya ga yadda ya kwana.

A bayan lambun akwai filin tsofaffin kututtura. Sama da shekara ashirin tana zuwa da wuƙarta tana rage musu toho, ta bar wa kowanne reshe biyu masu ƙarfi, har suka wuce tsayin rumfar. Takan ce daji ne kwance a ƙarƙashin ƙasa yana barci, da la'asar ma tana jin numfashinsa a tafin ƙafarta.

Ta auri wani tela a 1970. Yakan tsokane ta da cewa, "Ke kaɗai na sani mai zuwa gaida kututture." Ita kuwa ta ce, "Su dai ba sa ce min in dawo jibi, Malam."

Umarnin 1994

A wannan shekara aka ba da umarnin share filin, a dasa itatuwa dubu biyar a jere ƙarƙashin wani sabon shirin hukuma. Ta sami darakta a ofishinsa.

"Yallabai, akwai fa itatuwa a wurin."

"Wa ya dasa su, Malama?"

"Ba kowa."

"To abin da ba a dasa ba, a wane layi zan rubuta shi?"

Ta ƙi sa hannu, aka mayar da ita ɗakin ajiye fayil. Katafila ta ci rabin filin kafin damina ta tsayar da ita, kuma dashen da aka jera a wurin bai ga rani na biyu ba.

Ritaya da Rasuwa

Ta yi ritaya a 2001. A 2009 'yarta ta kawo mata rahoton nasarar shirin, da hoton ragowar itatuwanta a bangon rahoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sun yi kyau. Allah ya sa kada a gane sun girmi shirin."

Allah ya yi mata rasuwa a 2013, bayan gajeriyar jinya. A inuwar ragowar filin aka yi mata salla, aka binne ta kusa da kabarin mijinta. Ta bar 'ya'ya uku: babban, direba, mai bi masa, malamar asibiti, auta, kafinta, da jikoki tara, da itatuwa ɗari uku da sha ɗaya waɗanda har yau babu su a rajistar hukuma.