Wutar da Kawu Sale Ya Hana Ni Saki

Ku da kuka san Kawu Sale kun san ba a miƙa masa abu ya karɓa kawai. Sai ya ɗaga, ya ɗan jijjiga hannu, ya faɗi kilonsa. Tiren shinkafa, buhun gawayi, har jaririn da aka kawo masa ya sa wa albarka ranar suna. Awon kayan alhazai ne aikinsa a filin jirgin sama na Madina, aikin kuma ya bi shi har gida. In hajiya ta fara magiya a kan akwatin da ta danƙare da dabino, amsarsa ɗaya ce: "Jirgi bai san alfarma ba, ya hajja."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ba hajiyar da ta sha wannan magana kamar ni, saboda wasanmu na ranar Alhamis. Wani Bature mai gyaran injin kaya ne ya bar masa littafin wasan. Mutane su zauna, kowa ya zama mutum ɗaya a cikin tatsuniya, ɗaya kuma ya zama alƙali, shi ke jan labarin, shi ke faɗin abin da ya biyo bayan duk abin da ka yi. Kawu ya naɗa kansa alƙali. 'Ya'yan lidon da suka zo da littafin ya zubar, ya ce ba a gidansa ba. Ya rubuta lambobi a ƙwallayen dabino, ana zubawa a tsohuwar hula, ka sa hannu ka zaro rabonka.

Mu uku ne. Usman direba, ɗan Sudan, shi ne maharbi. Idrisa tela, mutumin Chadi, shi ne mai takobi. Yakan rufe shagonsa a Anbariyya ya tako har gidan Kawu a unguwar Al-Sih bayan la'asar, don iyalinsa na can gida, ba shi da wata majalisa sai tamu. Ni kuwa tsautsayi ya sa na zaɓi boka, saboda na ga littafin ya ce boka in ya ƙasaita yana saukar da ruwan wuta ya cinye runduna. Abin da nake so ke nan, in saki wutar nan sau ɗaya a rubuta mini ita. Na shiga wasan ba ni da gemu, na yi aure na haihu ina jira.

Da farko Kawu cewa ya yi kowane asiri da nauyinsa, boka kuma kayansa ba za su wuce na alhaji ɗaya ba.

"Kawu, asiri a ka yake, ba a akwati ba."

"Zayid ne, ya waladi, kaya sun wuce kilo. Sauke wutar, ka tafi da fitila."

Sai na yi ta haska wa Idrisa hanya cikin kogo kamar ɗan rakiya. In kuma na yi ɗan ƙaramin asiri, ko buɗe ƙofa ne, sai ya ce boka ya suma don gajiya, kuma tunda ya suma ba shi da bakin magana, in tashi in dafa shayi. Duk shayin na'anan da aka sha a ɗakin nan, sumammen boka ne ya dafa shi.

Ranar da muka kai ga sarkin dodanni na cika duk sharuɗɗansa. Na zaro babbar lamba, na miƙe tsaye, na ce na saki. Kawu ya kurɓi shayi ya ce wutar ta sauka ta bi gefe, don dodo ya karya da dabinon ajwa bakwai da safe, sihiri ba ya kama shi.

"A ina dodo ya samu ajwar Madina?"

"Tsarabar alhazai. Ni na auna."

Na buɗe baki, ya dube ni ya ce, "Ko da falalar ajwa kake ja?" A garin nan wa zai ce e? Na zauna. Idrisa ya yi dariya har ya ƙware.

Wata shekara aikin hajji ya riƙe Kawu a filin jirgi, Usman ya hau kujerar alƙali. Ya ce, "Ya zol, saki abinka, halas." Na saki. Kafin shayi ya huce babu dodo, babu runduna, babu labari. Idrisa ko hular bai taɓa ba. Ya ce yana da ɗinkin da zai ƙarasa, ya sa takalmi. Alhamis ta zo ta wuce, wata ta zo, ba mu gan shi ba.

Kawu da ya dawo ya ji, bai yi faɗa ba. Ya kama hannun rigarsa ya ɓarke da gangan, ya kai wa Idrisa gyara, ya zauna a shagon har sai da suka taho tare. Da aka buɗe wasa ya ce duk abin da ya faru mafarki ne, boka ya cika cikinsa da mandi ya kwanta.

"Kawu, a gaban shaidu na ƙone su."

"In ka ƙone kowa, shi wannan me zai yi da takobinsa, yankan farce?"

Na gaji da mutumin nan, wallahi na gaji. Sau nawa na rantse ba zan koma ba, Alhamis na yi kuma ina ƙofarsa da ganyen na'ana.

Wasanmu na ƙarshe a bakin gadonsa muka yi, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, hular ma Usman ke riƙe masa. Muka sake kai ga sarkin dodanni. Na ce, "Kawu, yau kam bai ci ajwa ba, na bincika." Ya ce in bari Idrisa ya gama. Idrisa ya sa hannu a hular, ya zaro, dodo ya faɗi. Kawu ya juyo da kai a hankali.

"Yalla, boka. Saki."

"In ƙona me? Ya mutu."

"Gasa mana shi. Da bismilla Idrisa ya yanka."

Na saki, aka rubuta mini. Bayan shekara da shekaru, abin da bokana ya zama ke nan, mai tsire. Muka yi dariya, shi kuma ya yi ta tari yana murmushi.

Bai ga wata Alhamis ba. Idrisa ne ya yanka likkafanin, ya hana kowa taɓa almakashin, muka kai shi Baƙi'a bayan azahar. Har yau in na tuna shi haushi ne ke fara zuwa, kewa ta biyo baya ta danne shi. Ya Allah, bawanka ne da ya yi ta hana wuta don kada a bar wani zaune ba rabo. Ka jiƙan Kawu Sale, ka hana wuta taɓa shi.