Tantin da Na Zaɓa wa Ƙanena

Assalamu alaikum, Edita. Shekara uku da suka wuce ɗinkin tamfol nake yi a bakin kasuwar Gummi: rumfar shago, murfin motar kaya, rigar kujerar babur. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Tun rasuwar mahaifinmu komai na gidan Inna ta hannuna yake bi, ko rumbu za a buɗe sai an jira ni. Ban san ina jin daɗin wannan matsayi ba sai da na ga yana zamewa daga hannuna.

Autanmu, wanda na girma da shekara tara, ya je Sakkwato ya koyo gyaran famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Ya dawo daidai lokacin da manoman shinkafa suka fara gajiya da injin fetur, sai ya zama kowa nemansa yake, daga fadamun Gummi har Bukkuyum, wani lokaci har Anka. Bai rufa shekara biyu ba ya sayi keke mai caji. Ranar da ya shigo unguwa da shi, ba ƙara ba hayaƙi, mutane suka fito kallo. Inna da kanta ta fito ƙofar gida ta shafa sirdin ta sa albarka. Ni ma na yi murmushi na ce Allah ya tsare, amma tuwon da aka kawo mini ranar ban iya cinye shi ba. Daga nan duk wanda ya zo gaida Inna sai ya sha labarin keken, yadda autanta yake cajinsa a jikin farantan sola na gonakin da yake yi wa aiki, ba ruwansa da layin gidan mai. Har a shagona mutum zai zauna ina masa ɗinki, sai ya tambaye ni ko ni ne yayan mai keken nan. A da kuwa shi ake kira ƙanen mai tamfol.

Yadda hanyoyinmu suka zama saboda 'yan bindiga, ba mai son yamma ta yi masa a kan hanya, don haka inda la'asar ta riske shi nan yake kwana, yawanci a bakin gona tare da masu gadin famfo. Sauron fadama ya hana shi sakat, sau biyu zazzaɓi yana kwantar da shi. Sai ya yanke shawarar sayen ƙaramin tanti. Wani mai kayan gwanjo ya ba shi guda biyu ya je ya duba, wata safiya ya kawo su shagona ya shimfiɗa a ƙasa. Ya ce duk garin nan ba wanda ya san yadi da ɗinki kamata, wanda na nuna shi zai ɗauka.

Na farko ƙarami ne, ruwan ƙasa, ba shi da kyan gani, har da faci a gefe. Amma hannu ɗaya ke ɗaga shi, rufinsa biyu, an bi ɗinkinsa da danƙo ta ciki, shimfiɗar ƙasansa ta taso ta gefe yadda ruwa ba zai kwararo ba. Na biyu shuɗi ne, babba, mai sandunan ƙarfe, sai sheƙi yake. Ina murza shi tsakanin yatsuna na ji rufin cikinsa yana marmashewa, rana ta riga ta cinye shi a inda aka ajiye. Na san ruwan kirki ɗaya zai ratsa shi. Na kuma san nauyinsa, a kan kayan aikin da ke bayan keken, zai riƙa shanye caji, don shi da bakinsa ya sha gaya mini keken ba ya son nauyi, balle a cikin yashi.

Na ɗago na gan shi tsugune yana jiran bakina, keken jingine a waje mutane sun kewaye shi. Na ce ya ɗauki shuɗin. Ya ce yana ganin kamar ya yi nauyi. Na ce ai nauyin shi ne ingancin, ƙaramin iska ɗaya za ta yi sama da shi, kuma mutum mai matsayinsa bai kamata a gan shi cikin abu mai faci ba. Ya yi dariya ya ce, "To Yaya, wanga fanninka ne." Ya naɗe ya tafi. A raina na ce iyaka dai ya jiƙe, ya turo keken zuwa gida a gaban jama'a, Inna ta gane keken ma keke ne. Abin da na gaya wa kaina ke nan.

Sati biyar ba a yi ruwa ba, tantin yana masa aiki. Sau ɗaya ya biyo shago ya ce caji ya fara saurin ƙarewa, ko dai kayan ne suka yi yawa. Allah ya ba ni damar gyarawa a ranar, na ce masa wataƙila batirin ne ya fara gajiya.

A ƙarshen rani, manoma suna gaggawar kwance famfuna kafin gulbi ya kawo, aka kira shi wata fadama ta wajen Bukkuyum. Caji ya ƙare masa a cikin yashi, da sauran tafiya mai nisa, ga hadari ya haɗo. Ya kafa tantin a inda yake, ya cire batirin ya shiga da shi. Ruwan farko ne, da iska mai ƙarfi, ya ratsa rufin kamar rariya. Ya tuɓe rigarsa ya haɗa da bargo ya naɗe batirin da kayan awonsa, shi kuma ya zauna da singileti a cikin ruwa har gari ya waye. Wasu makiyaya da suka fito da shanu ne suka same shi yana karkarwa, magana ba ta fita. Suka kai shi rugarsu suka ba shi madara mai zafi, da suka ga numfashinsa yana sarƙewa suka ɗora shi a babur zuwa asibiti.

Mu kuwa a gida kwana biyu wayarsa ba ta shiga. Duk ɗan yankinmu ya san abin da zuciya ke rayawa idan wayar matafiyi ta yi shiru. Matarsa da cikin wata bakwai ta zauna a ƙofar ɗaki tana ta gwada lambarsa. Inna ta daina cin abinci. Rana ta biyu ta kama hannuna ta ce, "Kai ne babba, kai nika kallo. Ka nemo min ɗan'uwanka." Shekara biyu ina kwaɗayin jin irin wannan magana daga bakinta. Ga shi na ji, kuma ji na yi kamar an zuba mini garwashi a ƙirji.

Washegari aka kira mu daga asibiti. Sanyi ya kama masa huhu, kwana goma sha ɗaya yana kwance. Masu dubiya suka yi ta tsine wa mai gwanjon, shi kuma ƙanena yana cewa ai mutumin gwani ne a yaudara tunda har Yaya bai gane ba. Ina zaune a gefen gado ina ji, ina gyaɗa kai. Mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba, har wasu suka daina sayen kaya a wurinsa.

Bayan an sallame shi da sati biyu na kasa ci gaba da riƙewa. Na same shi shi kaɗai a zaure na gaya masa komai, tun daga murza yadin har ranar da na ɗora laifi a kan batir. Tari ya taso masa, na miƙa masa ruwa bai karɓa ba. Can ya ce, "Yaya, mi na yi maka?" Na duba iya dubawata ban samu abu ɗaya da zan nuna ba. Ya ce ya yafe, amma ya roƙe ni kada Inna ta ji, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Mai gwanjon ma na je na nemi afuwarsa, sai dai rabin gaskiya na iya faɗa masa, na ce kuskuren zaɓi ne daga wajena.

Yau ƙanena yana nan da ransa, alhamdu lillahi, amma da an ɗan yi sanyi tarin ke dawowa. Likita ya hana shi kwanan waje, aikin Bukkuyum da Anka duk ya koma hannun wasu. Muna gaisawa, muna cin abinci kwano ɗaya a gidan Inna, bai taɓa sauya mini fuska ba. Amma tun daga ranar bai sake kawo mini wani abu ya ce in duba masa ba. Bara da ya buɗe shago, a can ƙarshen kasuwa ya ba wani ɗinkin rumfarsa. Kullum ta gabanta nake wucewa, ɗinkin a karkace yake, kuma ba ni da bakin magana.

Abin da na koya shi ne, hassadata ba ta zo mini da kamar mugunta ba. Ta zo ne kamar abu ƙarami, ta ce mini ɗan jiƙewa ne kawai. Ina roƙon duk mai karanta wannan, idan ka ji alherin ɗan'uwanka yana hana ka cin abinci, ka tsorata da kanka tun a ranar, ka nemi tsari. Idan kuma ya zo ya tsuguna gabanka yana neman shawara a kan abin da ka fi shi sani, ka faɗa masa gaskiya, ko ka ce ya tambayi wani. Ni an yafe mini, amma ba a ƙara tambayata ba.