Na Auna Ciwon Inna da Nawa

Lokacin da abin nan ya faru ina koyarwa a wata firamare a Gusau, ni ce ɗiyar fari, ni ce kuma wadda ake cewa ta yi boko. In na yi magana a gidanmu ba a musu, har abin ya bi min jiki. Innarmu tana Bunguɗu wajen ƙanena da matarsa, wata 'yar Tsafe mai shiru-shiru da ban taɓa sakin jiki da ita ba. Ba ta yi min komai ba, shirun nata ne kawai bai kwanta min ba.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta fita takaba amma ba ta fita ɗaki ba. Matar da duk unguwa ke sayen daddawarta, wadda ba a sauke miya a gidan ba ta ɗanɗana ta kushe ba, sai ga ta zaune ta zuba wa bango ido, abinci sai an yi da gaske. Suka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta ƙwaya. Da na ga kwalin hankalina ya kwanta, domin irinta na sha bayan haihuwata ta biyu, kuma wata bai cika ba na dawo daidai.

Wata ya cika, Inna tana nan jiya-i-yau. Matar ƙanena ta ce ai likita ya faɗa musu ƙwaƙwalwar tsoho ba ta karɓar maganin da wuri, sai an yi haƙuri. Na ce a raina, ji wata dabara, ni za a koya wa maganin da na sha da bakina? Na fara zuwa ba sanarwa. Na riƙa ƙirga ƙwayoyin in ta shiga madafa, kullum kuma daidai suke. Maimakon in ji kunya sai na ce wadda ta iya cirewa ai ta iya zubarwa. Wallahi har bakin kwata na tsuguna ina dubawa, har maƙwabciya na ja gefe ina bugun cikinta.

Wata Asabar ina shiga na ji muryar Inna sama, ta ture kwano. Matar ƙanena ta tarbe ni da fara'a, idonta da ƙwalla, ta ce Yaya albishirinki, yau Inna ta yi mata faɗa, ta ce miyar ba daddawa kamar ta marasa lafiya. Ni abin da na ji daban: uwata na kukan yunwa, ita tana dariya. A gaban matan maƙwabta na ce tana hana Inna magani, Allah kaɗai ya san abin da take ba ta. Ƙanena ya roƙe ni in bari, na ƙi, na ɗauke Inna zuwa Gusau. Maganin na bar musu shi, don ban yarda da abin da ya bi ta hannunta ba.

A gidana Inna ta koma shiru, wanda ya fi na da. Ta daina ci, ta rame, wata rana ta ce min ta zame mana kaya, gara ta bi Malam, wato Babanmu. Tsoro ya kama ni, na kai ta wurin likitan. Ya ce ƙwaƙwalwa tana tsufa kamar gwiwa, abin da ya ɗaga mai shekara talatin cikin makonni yana iya ɗaukar watanni ga tsohuwa, kuma sauƙin a hankali yake leƙowa. Sai ya tambaye ni ko kafin a tsayar da maganin ba ta fara komawa wani tsohon halinta ba. Faɗan nan shi ne sauƙin, yarinyar ta gane shi, ni da na sha nonon Inna ban gane ba.

Aka faro maganin daga farko, ya kuma fi daɗewa. Ranar da bakin Inna ya buɗe, miyata ta ture, ta ce in mayar da ita wajen wadda ta san hannunta. Na mayar da ita, na durƙusa na nemi gafara, yarinyar ta ce ba komai, ya wuce.

Na koyi cewa ciwo ɗaya ne, amma jiki ba ɗaya ba. 'Yan'uwa, kada ku auna warkewar tsohonku da taku, kada ku tsayar masa da magani ba da sanin likita ba, kuma mai jinyar da ke tare da shi kullum ya fi mai zuwa ranar Asabar sanin halin da yake ciki. Inna ta samu sauƙi, tana faɗanta. Amma har yau matar ƙanena ba ta ba ta ƙwaya sai ta kira wani ya tsaya ya ga ta haɗiye.