Alhaji Sule da 'Yan Ci-ranin Fadama

Har gobe ba na jin zan manta da safiyar da na ga dattijo ya leƙa madubin hangen nesa ya ce “Masha Allah,” alhali babu komai a ciki sai ciyawa. Ku sababbin ma'aikata da kuke tambayar dalilin da ya sa na hana a ce wa matafiya “Kun gani?”, daga wannan safiya abin ya samo asali.

Lokacin ina shekarata ta biyu a kamfanin nan namu na unguwar Bukit Bintang a Kuala Lumpur, muƙamina mataimakiyar jagorar tafiya. Ga wanda bai san aikin ba, idan muka shirya tafiyar kallon tsuntsaye zuwa wata ƙasa, mutum biyu ke riƙe da ayari. Akwai jagora ɗan ƙasar, shi ya san daji da tsuntsu. Akwai kuma ma'aikacin kamfani da ke tashi da matafiya tun daga Kuala Lumpur, shi ke kula da fasfo, masauki, abinci, magani da duk wani ƙorafi. Ni ce ta biyun. Puan Salmah, shugabar sashenmu, ta zaɓe ni saboda a cikin ayarin akwai mata da miji 'yan Nijeriya, kuma Hausa ta fi musu sauƙi.

A farkon watan Yuni za mu tashi zuwa arewacin Finland, mu ratsa daji mu ɓulle gaɓar teku ta Norway. Ni Rifkatu, da na tashi a Kafanchan da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, tun a cikin jirgin ƙasa daga unguwarmu ta Wangsa Maju zuwa ofis nake ta mafarkin ƙasar da rana ba ta faɗuwa. Na fi ɗokin ranar ƙarshe, ranar da za a shiga jirgin ruwa zuwa wani tsibiri mai duwatsu cike da tsuntsayen teku. Har gyalen da zan yafa a yi mini hoto na ware.

Mata da mijin su ne Alhaji Sule da Hajiya Asabe. Shi tsohon malamin gona ne daga wajen Nguru, sun zo zama wurin ɗansu da ke koyarwa a wata kwaleji a unguwar Setapak, nan Kuala Lumpur. Ranar da suka kawo fasfo ofis, Alhaji ya zauna ya gaya mini abin da zai kai shi.

“'Yata, tun muna yara, da an yanke shinkafa sai wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu su cika mana fadama. Launinsu kamar ƙasa, ba su da wani kyau. Mu 'yan ci-rani muke ce musu, domin da zafi ya kama sai a neme su a rasa. Da na girma aka ce mini can ƙarshen duniya ne gidansu, kuma wai a can mazajen ado suke yi. Ni dai ina so in gani da idona.”

Hajiya ta ce, “Tun auren fari nake jin labarin tsuntsayen nan. Ni ko rabin wannan begen ba a yi mini ba.”

Ya ce, “Ke ai ba kya tafiya ki bar ni.”

Na sunkuyar da kai ina murmushi, na ce a raina wannan tafiya za ta yi daɗi.

Jagoranmu a can sunansa Jussi, dogo, marar yawan magana. Ga yadda aikinsa yake. Idan ya hango tsuntsu, sai ya kafa babban madubi mai ƙafa uku ya saita shi a kai. Matafiya su yi layi, kowa ya leƙa ya matsa. Daga ƙarshe ya tambaya ko kowa ya gani, kuma ba a barin wurin sai kowa ya amsa. Doka ce mai kyau, amma an gina ta a kan cewa wanda bai gani ba zai buɗe baki ya faɗa.

Kwanakin farko a daji muka yi su, cikin itatuwa masu ganye kamar allura, ga ƙamshi, ga sauro kamar an aiko su. Alhaji yakan tsaya ya lumshe ido yana sauraron kukan tsuntsaye. Idan an zo madubi shi ne na ƙarshe a layi, ya leƙa kaɗan, ya ɗago ya ce “Masha Allah.” Hajiya kuwa kullum tana kafaɗarsa tana yi masa raɗa. Ni da irin karatuna, na ɗauka hirar masoya ce.

Da muka fita daga dajin muka kusa teku, sai ƙasa ta buɗe, fili mai dausayi, babu itace ko ɗaya. Jussi ya tsayar da mota a gefen hanya ya ce ga tsuntsayen Alhaji can nesa, mazajen suna taruwa a kan wani ɗan tudu. Aka yi layi. Wanda ke gaban Alhaji, wani Mista Tan, yana juyawa jakarsa ta bugi ƙafar madubin. Ni kaɗai na lura, ina bayansu. Kafin in yi magana Alhaji ya riga ya sa ido. Ya daɗe fiye da kullum, sannan ya ɗago.

“Masha Allah. Lallai suna da kyau.”

Na leƙa bayansa. Ciyawa ce zalla da ɗan ruwa. Jussi ya tambaya ko kowa ya gani, kowa ya amsa, aka koma mota. Alhaji ya zauna kusa da taga, hannunsa yana murza carbi.

Muna isa masauki na bi Hajiya ɗakin wanki, na rufe ƙofa.

“Mama, Baba ba ya gani, ko?”

Ta dube ni, ta zauna a kan benci. “Yanar ido ce ta rufe masa gani. Na kusa yana gani, na nesa kuwa hayaƙi ne. An sa ranar aiki bayan mun koma. Ya hana ni gaya wa ɗansa yadda abin ya yi nisa, kada a fasa tafiyar. Ni nake faɗa masa launin kowane tsuntsu, don kada a tambaye shi ya rasa amsa.”

“Me ya hana shi cewa bai gani ba? Ai da an tsaya.”

“Alhaji ne zai tsayar da mota guda ta baƙi saboda kansa? Rifkatu, kamar ba 'yar gida ba. Kuma wallahi idan ya san kin gane, cewa zai yi a kai shi filin jirgi.”

Na ce, “Mama, ba zai koma Setapak bai gan su ba. Ban san yadda zan yi ba tukuna, amma ba zai koma ba.”

Na fara gwada hanya mai sauƙi. Na karɓi hoton tsuntsayen a wayar Mista Tan, na faɗaɗa shi, na nuna wa Alhaji kamar hira. Ya matso da wayar kusa da hancinsa, ya mayar mini. “Hoto ne wannan, 'yata. Hoto ina da shi a gida.” Sauraro ma ba zai yi amfani ba, domin Jussi ya ce waɗannan tsuntsaye ba sa waƙa, rawarsu a shiru suke yi.

Sai na samu Jussi yana goge madubinsa, na gaya masa gaskiya. Ya yi tsaye.

“Amma ya ce ya gani. Kullum yana cewa ya gani.”

Na ce, “A wurinmu dattijo yakan ce ya ƙoshi alhali yunwa yake ji, don kada ya wahalar da mai gida. Ba ƙarya yake maka ba, girmama ka yake yi.”

Ya ci gaba da goge madubin har na ɗauka ya ji haushi. Can ya ce akwai wata bukkar katako ta masu ɗaukar hoto a bakin tudun, mai ƙananan tagogi, tsuntsaye sukan zo har gabanta. Amma ana shiga ne kafin su iso, ba a fita sai sun watse, kuma ranar da ta rage mana ita ce ranar jirgin ruwa. Ya kira mai bukkar, aka ce masu hoto sun riga sun kama. Na roƙe shi ya sake kira. Ya sake, aka ce a'a. Na karɓi wayar da kaina na ba mutumin labarin fadamar Nguru da shinkafa, da Turancina da nasa duk a karye. Ya ce zai tambayi masu hoton. Bayan la'asar ya kira ya ce sun yarda su matsa zuwa jibi.

Saura Puan Salmah, domin dokar kamfani ta hana raba ayari sai da izinin ofis, kuma ba a barin matafiyi ba ma'aikaci. Na kira ta na zayyana mata komai.

Ta ce, “Kin san ke za ki zauna da su? Tsibirin da kika cika mana kunne da shi fa?”

“Na sani, ranki ya daɗe.”

“Boleh lah, na yarda. Amma Jussi ya amince zai riƙe sauran shi kaɗai, kuma ki kira ni da kun fito.”

Abin da ya fi wuya shi ne yadda za a gaya wa Alhaji. Hajiya ce ta warware. “Ce masa ƙafata ce. Ki ce ba zan iya hawa jirgin ruwa ba, an samo mini wurin zama. Don kansa ba zai tsaya ba, amma don ni zai tsaya.” A wurin cin abinci ta shigo tana ɗingishi da ƙafar dama, har Mista Tan ya tashi ya ja mata kujera. Alhaji ya ce babu inda za shi ya bar ta.

Bayan sun yi sallar asuba, wadda agogo kaɗai ya nuna lokacinta tunda gari bai taɓa yin duhu ba, Jussi ya kai mu bakin dausayin. Muka bi wata siririyar gadar katako, ni a gaba da bargo da fulas ɗin shayi, Alhaji yana riƙe da Hajiya, ita kuma a zahiri ita ke jan sa. Muka shiga bukkar, Jussi ya rufe mu ya tafi.

Muka zauna. Sanyi ya ratsa takalmana. Hazo ya sauko daga teku ya rufe tudun, babu ko motsi. Shayi ya ƙare. Na fara lissafin abin da zan ce wa Puan Salmah, da masu hoton da na sa suka matsa. Alhaji ya yi raɗa, “'Yata, ko mu haƙura? Kada mu wahalar da ke.”

Na ce, “Baba, doka ce, ba a fita sai sun zo sun tafi. Ni ma ba ni da iko.” Rabin maganar gaskiya ne. Ko da ba doka, da ban buɗe ƙofar nan ba.

Hazon ya fara yayewa, sai muka ji fuka-fuki. Namiji ɗaya ya sauka can gefe, wani ya biyo shi, sannan wasu. Na dubi Alhaji, yana ta ƙifta ido, nisan ya yi masa yawa. Na haɗa hannuwana ina addu'a a zuci. Sai wata mace, marar ado, launin ƙasa, ta sauka daidai gaban tagarmu. Nan take mazajen suka ruɗe suka yo kanta. Kowane ya buɗe gashin wuyansa kamar babbar riga, wani fari tas, wani baƙi mai sheƙi, wani ja kamar ƙasar tukwane. Suna tsalle, suna durƙusawa, suna karo da juna, duk a shiru. Mai farin wuyan ya tako har inda da Alhaji ya miƙa sanda zai taɓa shi, ya tsaya cak yana rawar jiki.

Hajiya ta karkato za ta yi raɗar da ta saba. Ya dafa hannunta.

“Bari, Asabe. Ina gani.”

Ban taɓa jin ya kira sunanta ba sai ranar. Hawaye yana bin gemunsa, yana dariya ƙasa-ƙasa. “Ku ne? Ku ne kuke yawo a fadamarmu da tsummokara, ana korar ku da gwangwani? Ashe a gida manyan mutane ne ku!”

Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na tuna kaina a cikin rigar ofis a jirgin ƙasan safe, da duk 'yan'uwanmu na Setapak da Wangsa Maju da ba wanda a nan ya san ko su waye su a garinsu.

Da rana ta yi sama tsuntsayen suka watse, muka fito. Hajiya ta wuce gaba a kan gadar, garau, tana ta ba da labari. Can ta tuna, ta fara ɗingishi, amma da ƙafar hagu.

Alhaji ya ce, “Hajiya, jiya ai dama ce.”

Ta tsaya. “Ciwo ne, yawo yake yi.”

“Allah ya sawwaƙe.” Ya juyo wajena. “Ke kuma 'yata, Allah ya yi miki albarka. Tsibirin naki, Allah ya kai ki wata shekarar.” Daga nan bai ƙara ko kalma a kan zancen ba, mu ma ba mu ƙara ba.

Na karanta labaran soyayya da yawa, masu furanni da kalamai masu zaƙi, amma ban taɓa cin karo da wanda ya kai ɗingishin Hajiya Asabe ba.

Da muka dawo ofis na nemi a sauya tsari, Puan Salmah ta amince. Yanzu ma'aikacinmu yana leƙa madubi bayan kowane matafiyi. Kuma ba ma tambayar “Kun gani?”, domin mutanen kirki da yawa za su ce e don kada su dame ku. Sai mu tsaya kusa da mutum mu ce a hankali, “Baba, wane launi ne wuyansa? Ina ya fuskanta?” Aikinmu ba kai mutane inda tsuntsu yake ba ne, mota ma tana yin wannan. Aikinmu su gani. Wanda ya fi kowa saurin cewa “Masha Allah,” ku tsaya a kafaɗarsa.