Hodi a Ƙofar Kawu

Ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba, na iya roƙon ruwa da Swahili. Kawuna ne ya koya mini, wan mahaifiyata, wanda ya yi shekaru a Tanzaniya yana fataucin duwatsu masu daraja. Ya dawo da tumbi, da agogon da ya fi ƙarfin hannunsa, da labari buhu-buhu. Duk sanda ya zo ƙauyenmu na bayan Gangara, sai ya baje a tabarma, ya tara mu yara, ya buɗe makarantar da ba wanda ya roƙe shi.

"Matahiyi kalmomi kaɗan sun ishe shi," in ji shi. "In kunka isa ƙohwar gida ku ce hodi, sallamassu ke nan. Mai gida shi ce karibu, watau maraba, shigo. In ƙishi ya kama ku, naomba maji, ina roƙon ruwa. In an ba ku, ku ce asante, watau na gode."

Akwai kuma pole, wadda ake ce wa mai ciwo ko wanda wahala ta sama, kamar dai sannunmu.

Labarin da ya fi so shi ne na wata tsohuwa. Zazzaɓi ya kayar da shi a wani ƙauye kusa da ramukan haƙa, ya ja jiki zuwa ƙofarta ya ce hodi. Ba ta san shi ba, ba addininsu ɗaya ba, amma ta ce karibu, ta yi ta jinyarsa da kunu har ya miƙe. Nan yakan girgiza kai ya ce, "Mutanen ga sun hi mu sanin darajar baƙo." Mu kuwa mu saki baki.

Ni ce gwanar ajin. Har na yi aure wasanmu ke nan: in na je gidansa a Sabon Birni, bayan sallama sai in ƙara da hodi, shi kuma ya kwarara karibu har maƙwabta su ji.

Shekarar da ɓarayin daji suka tashe mu, sun tafi da maigidana, sun ƙone rumbunan. Na fito da goyo a baya da 'yata a hannu, ba ko mayafin kirki. Wasu suka nufi Isa, wasu suka tsallaka Nijar. Ni ban ko yi shawara ba, ai ina da kawu. Wurin kwana kawai nake nema wa yaran nan.

Da la'asar muka isa. Na yi sallama, ba a amsa ba. Sai na ce bari in yi masa abin da ya sani.

"Hodi, Kawu."

Ya fito, ya tsaya a bakin zaure ya cika ƙofar. Ya dube ni, ya dubi ƙafafun yarinyar da suka kumbura.

"Pole," ya ce. "Pole, ɗiyata. Mun ji abin da ya hwaru."

Na jira ɗaya kalmar. Ya gyara hula, ya ce gida a cike yake, gari kuma an sa ido, duk wanda ya sauki mutanen ƙauye ana zarginsa da hulɗa da ɓarayin daji. Wai a makarantar firamare ake tara irinmu, can za a fi kula da mu. Ta gefen kafaɗarsa ina hango ɗakin baƙinsa a buɗe, buhunan gero ne a ciki har rufi.

Zuciyata ta tafasa, amma yarinya tana jan zanina.

"Naomba maji," na ce.

Ya sa aka kawo a kofin silba, da sanyinsa. Muka sha a tsaye a waje. Na ce asante, don haka ya koya mini, na juya.

Damina guda muka yi a ajin makarantar nan, muna kwana a kan siminti. Goyon nawa tari ya kama shi a can, can kuma muka rabu da shi. Kawu ya zo gaisuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zauna, ya yi addu'a, ya tashi da wuri.

Mutane suna ce mini in yafe, tsoro ne ya sa shi. Na sani. Ita tsohuwar can ba ta da abin tsoro ne, da ta ga baƙon namiji kwance a ƙofarta? Har yau ina jin haushinsa, ban kuma ɓoye ba.

Kwanan baya na wuce ta kasuwa da tallan ƙuli-ƙulina, na tarar da shi a rumfa ya tara samari masu shirin tafiya Tanzaniya neman duwatsu. Ya kai labarinsa daidai wurin tsohuwa da kununta, yana cewa karibu ce kalmar farko da za su ji a ƙasar. Na sauke tire na gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa.

"Kawu," na ce, "ka koya musu pole tukuna. Ita pole ba ta cin gero."

Samarin suka yi dariya, sun ɗauka wasan ɗiya da kawunta ne. Shi bai yi ba.