Injin tsohon moton Baba

"A goge shi ya yi ƙyalli, ko a shafa baƙin fenti?" in ji wani makanike a unguwar Talladje, yana nuna mini injin alminiyon tsohon moton Baba, wato babur ɗinsa.

Na kira Baba a waya. Ya ce, "Ku wanke kawai. Kar ku taɓa lotsawar gefen hagu."

"Don me, Baba?"

"Shekarar fari, zamanin soja, na ɗauko buhun hatsi daga Yamai zan kai wa kakarka ƙauye. Na faɗi da moton a hanya, injin ya lotsa, ƙafata ta gurɗe. Na ɗaure ta da rawani, na ci gaba. Hatsin nan ya rayar da ita da mutanen gida."

Tun tasowata nake ganin ɗingishinsa, ban taɓa tambaya ba.

Ku fa, kun taɓa tambayar iyayenku labarin tabon jikinsu?