Akwatin Ƙarfe a Bakin Taga

Shekara talatin da huɗu mai walda ya yi yana ƙona idanunsa don mutanen unguwa su yi barci har da minshari. Ƙofa, taga, kejin janareta, duk wanda ɓarawo ya gwada ya koma hannu rabbana, to aikinsa ne. Tun yana saurayi, ranar da aka ɓalle ƙofar katako aka ɗauke masa injin waldarsa na farko, ya yanke wa duniya hukunci: abin da ba a kulle ba ajiyar ɓarawo ne. Mitar wutar gidansa tana cikin keji, famfo ma da kwadonsa. Matarsa takan ce da ana ganin numfashi, da tuni Malam ya yi masa murfi.

Cikin 'ya'yansa Auta ce kaɗai ta yi nisa a karatu. Ta gama makarantar jinya, ta shekara biyu tana zaman jiran tsammani, sai wani asibiti ya kira ta intabiyu ta bidiyo, ranar Talata ƙarfe goma. Minti goma sha biyar aka ware wa kowa, wanda bai shigo ba a wuce shi. Gidan kuwa a kwari yake, ko kiran waya sai an fita tsakar gida ana ɗaga hannu sama. Bidiyo kam ba a ma maganarsa.

Ranar Litinin ya sayo na'urar waifai, irin wadda ake sa wa layin waya. Mai shagon ya ce, "Baba, a ɗora ta sama kusa da taga, inda za ta sha iska." Bai taɓa riƙe irinta ba, amma ya rantse shi zai haɗa da hannunsa. Sau biyu yana sa layin a juye. Da ya zo ɗaura ƙahonninta biyu masu kamo sabis, ya murɗa kamar mai ɗaure noti.

"Baba, a hankali, roba ce fa," in ji Auta.

Lambar sirrin tana ƙarƙashin na'urar, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya ƙura ido har hawaye ya zubo, dole ya miƙa mata ta karanta. Fitilar na'urar ta yi ja, ta daɗe tana ƙiftawa, sannan ta koma kore. Auta ta kira yayarta don gwaji, fuska ta fito tar, murya ba ta yanke ba. Rabon da ya ji 'yarsa ta yi dariya irin ta ranar har ya manta.

Shi kuwa tagar yake kallo. Lungu take fuskanta, inda ɓarayi ke zuro sanda su janye waya. Bayan la'asar ya koma shago, ya zaɓi farantin ƙarfe mafi kauri, ya haɗa akwati daidai na'urar, ƙofar wayar wuta kawai ya bar mata. Da safe, Auta na ɗaki tana guga, ya ɗaure akwatin a ƙarfen taga, notunan ta ciki, ya sa na'urar a ciki, ya kwantar da ƙahonnin, ya datse kwado. Bai faɗa wa kowa ba, so yake ta fito ta ga irin gatan da uba ke yi. Ya jefa makulli a aljihu ya tafi aiki.

A shago ya rataye riga a ƙusa, waya na ciki, ya kunna injin yankan ƙarfe. Sai da azahar ta gabato ya duba. Kira goma sha huɗu, duk daga Auta.

Matarsa ya fara tararwa a bakin ƙofa. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba. "Malam, garin neman gira ka cire mata ido," ta ce, ta kauce masa.

Auta na zaune a falo cikin kayan da ta goge, takardun shaidarta a jere kan tebur. Gudumarsa tana yashe a ƙasa, tafin hannunta ya yi bororo.

"Ƙarfe yana tare sabis, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na fita titi da waya, kafin in samu inda zai kama, lokacina ya wuce."

Ya buɗe kwadon. Yana ɗaga murfin, fitilar ta koma kore, wayar Auta ta yi ƙara. Ta karanta saƙon a fili, da muryar da ba kuka a cikinta: sun gode da sha'awarta, amma da yake ba ta halarta ba, an ci gaba da sauran. Ta kwashe takardunta ta shige ɗaki. Da ta yi masa tsawa ma da ya fi masa sauƙi.

Ya tsaya shi kaɗai gaban akwatin. Ya shafa bakin waldar da babban yatsa, kamar yadda ya saba duba kowane aiki. Auta ta yi ta dukan akwatin da guduma iya ƙarfinta, fenti kawai ya ɗaye, ko lotsawa bai yi ba. Abin da ya kasa yafe wa kansa har yau shi ne, a daidai wannan lokacin, wani lungu na zuciyarsa ya ce aiki ya yi kyau.